Kod ɗin hanya ba abin hadda ba ne

Abin da ke yawo a wayoyin matasan Maradi ya isa ya tayar wa kowa da hankali. Hotunan tambayoyin kod ne, wato jarrabawar dokokin hanya da ake yi kafin a samu permin tuƙi, kowace da amsarta a ƙasa, ana tura su ta WhatsApp daga wannan fada zuwa waccan. Yaro ya kwana yana haddace cewa wannan "A" ce, waccan "C", bai san me hoton ke faɗa masa ba. In ka yi magana, amsar ba ta wuce: "Ai tuƙi a hannu yake, kod na 'yan boko ne, mu dai a ba mu permi."

Wannan magana tana kashe mutane, kuma manya ne suka koya wa yara ita. Tsohon direba a tasha zai ce maka ya shekara talatin yana Maradi zuwa Damagaram bai taɓa buɗe littafi ba. To, mun ji. Amma hannu bai san lissafi ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cinye kusan mita 14 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki motar ta riga ta wuce tsawon babbar mota. In aka ninka gudun, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Wane gwanin hannu ne zai canza wannan a hanyar Ɗan Isa ranar kasuwa, ga amalanken shanu, ga kabu-kabu, ga yara masu talla suna tsallakawa?

Haka alamomin hanya. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, haɗari na gaba. Da'ira mai jan baki hani ce. Shuɗiyar da'ira umurni ce, dole a bi. A mahaɗar da babu alama, na hannun dama ke fara wucewa. Wannan fa ba ya buƙatar digiri. Mai sayar da shayi zai gane shi a zama ɗaya in an faɗa masa da harshen da yake ji.

A nan ne nake ganin laifin ya wuce kan yaran. Littattafan kod da Faransanci suke, kuma da yawa daga cikin masu neman permi a wannan jiha karen mota ne ko ɗan kabu-kabu da bai yi nisa a lakwal ba. Wanda aka miƙa wa littafin da ba ya iya karantawa, me ya rage masa in ba hadda ba, ko neman wanda zai "taimaka" masa? Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin kunya ne a ce dokar da ran mutum ya rataya a kanta har yanzu sai an yi masa tafinta.

Masu cewa a ƙara tara a baza jandarmomi su sani, ba a tsoratar da mutum ya bi dokar da bai taɓa fahimta ba. Masu cewa haɗari ƙaddara ce kuwa, su tuna an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma a Afirka abin ya fi muni in aka kwatanta da yawan jama'a.

Makarantun koyon tuƙi su koyar da kod da Hausa, da boko da ajami. Gidajen rediyon Maradi su ba shi fili. Ƙungiyoyin direbobi su buɗe darasi a tasha. Ranar jarrabawa kuma a nuna wa ɗalibi mahaɗar hanya a tambaye shi wa zai fara wucewa, kuma don me. In ya kasa bayani, ya koma aji, ko ɗan wane ne.