Wai Musuluncin fadar Jawa fenti ne?

Jiya wani abokina ya ce min wai Musuluncin sarakunan Jawa, can Indunusiya, fenti ne kawai, ka kankare ka tarar da addinin Hindu a ƙasa. Ni dai ban yarda ba, kuma ba wai don na ɗauke su waliyyai ba.

Ɗauki littafin Serat Centhini, wanda aka fara rubutawa a fadar Surakarta ta Jawa a 1814, juzu'i 12. A ciki Seh Amongraga ya auri Tambangraras, an kai amarya, maimakon abin da kuke tunani sai malam ya yi dare 40 cur yana karantar da ita sallah da shari'a har zuwa ma'arifa, kuyangarta Centhini na gefe ta kasa kunne. Wanda addini bai dame shi ba ai ba zai ƙarar da tawada a kan wannan ba. Eh, littafin na da batsa da tsubbu da girke-girke, wannan ma gaskiya ne.

Ni inda na ga gizo ke saƙa shi ne, wa ke riƙe da linzamin addinin, sarki ko malami? A wani littafin, Serat Cabolek, malamai sun taso a ƙona Haji Mutamakin saboda karantarwarsa ta sufanci, sarki ya ce ya yafe, kuma abin dariyar shi Ketib Anom na Kudus (wani gari a Jawa), jagoran masu kare shari'ar, da tashi kunyata Mutamakin sai ya yi ta hanyar nuna ya fi shi gane Dewa Ruci, labarin jarumi Bima na wasan 'yar tsanar wayang! Wato a fada ko kai limami ne sai ka iya karatun gida kafin a saurare ka.

Wanda ya fi tsaya min a rai Wedhatama ne, littafin waƙa na wani basaraken Jawa, Mangkunegara na 4. Yana zolayar samari masu kwaikwayon Larabawa don a gani, wannan kam na yarda da shi, riya riya ce ko a ina. Amma sai ya ƙara da cewa tunda kai Bajawe ne kaɗan ma ya ishe ka, ka yi koyi da Senapati, kakan sarakunan daular Mataram ta Jawa, mutumin da littattafan fadar da kansu suka ce ya auri sarauniyar aljanun tekun kudu. Haba! Kaɗan a ma'aunin wa? Kuma zuriyar Senapatin nan ce ta haifi sarki Amangkurat na 1, wanda ya sa aka karkashe dubban malamai da iyalansu.