A bar wa Georgette Heyer laifinta

Tun da guguwar gyaran tsofaffin littattafai ta taso a 2023, ta fara da Roald Dahl a watan Fabrairu ta biyo ta kan Ian Fleming da Agatha Christie, babu gyaran da ya tsaya mini a rai kamar wanda aka yi wa Georgette Heyer, marubuciyar Birtaniya da ta yi suna a littattafan soyayya na tarihi. Na Dahl ya sha surutu, har ofishin firaministan Birtaniya sai da ya sa baki, kamfanin da ke buga shi ya ja da baya ya ce zai ci gaba da buga na asali a gefen gyararren. Na Heyer kuwa ya wuce kusan salin-alin, don littafin soyayya ne, kuma galibi mata ke karanta shi, to wa zai ɓata bakinsa? Kamfanin Sourcebooks na Amurka ya sake buga littafinta The Grand Sophy, da yardar magadanta, bayan an kankare abin da ke nuna cewa mugun mai ba da bashi da ruwa na cikin labarin Bayahude ne.

Kada a ɗauka kare wurin da aka kankare nake yi. Wurin ba shi da kyan gani. Jarumar labarin ta je gidan mai bashin, Goldhanger, da 'yar bindigarta, don ta karɓo zobe da takardar bashin wani ɗan'uwanta. Heyer ta zana mutumin da gashi mai maiƙo, da hancin da ta danganta da ƙabilarsa, da murmushin makirci, ta kuma nuna cewa kwaɗayinsa a jininsa yake. Tsohon hoton nan ne da Turai ta shafe ƙarnoni tana zanawa kafin ta kai ga abin da ta kai. Kuma littafin ya fito a 1950, shekara biyar kacal bayan an buɗe sansanonin kisan 'yan Nazi, bayan an yi wa shugabanninsu shari'a a Nuremberg, jaridun Landan sun buga hotuna kowa ya gani. Masu cewa ai haka zamaninta yake sai su sake duba kalanda.

Hujjar masu gyara ita ce wai labarin nishaɗi ne, sabon mai karatu bai cancanci a mare shi a tsakiyar dariya ba, kuma 'yan layukan da aka cire ba su taɓa ƙashin bayan labarin ba. Wannan hujja ta fi kowace cutarwa, don ta yi kama da tausayi. A ƙarƙashinta akwai raini iri biyu: raina mai karatu da ake ganin ba za ta iya haɗiye gaskiya ba, da raina littafin soyayya da ake ganin bai kai a ɗauke shi shaida a kan komai ba.

Littafin soyayya na tarihi zamani biyu yake ɗauke da su. Akwai zamanin da aka ɗora labarin a kai, akwai kuma zamanin da aka zauna aka rubuta shi, kuma na biyun ya fi na farkon gaskiya. Ingilar da Heyer ta fi so ita ce ta 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali ɗansa ya riƙe masa mulki. Ita ta mayar da waɗannan shekaru tara wata duniya ta daban tun daga Regency Buck a 1935, kuma duk abin da ake kallo yau a Netflix na 'yan mata da dogayen riguna suna farautar miji a gidajen rawa, jikan aikinta ne. Amma wannan Ingila tata zaɓaɓɓiya ce. A 1819 sojojin doki suka afka wa taron talakawa a Manchester suka kashe mutane. An hana cinikin bayi a 1807, amma bayi na nan a gonakin rake na Jamaika da Barbados har aka yi dokar 1833, inda gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, ga iyayen gijin, ba ga bayin ba. Ba a shiga littattafan nan don a ga wannan, kuma ban ce dole a gani ba. Abin da nake cewa shi ne, mai son sanin 1816 yana da littattafan tarihi, amma mai son sanin abin da wata mace mai ilimi, mai rufin asiri, ta ɗauka abin dariya ne a Landan ta 1950, kuma dubban masu saye suka taya ta dariyar, ba shi da shaidar da ta fi wannan babi. Shi ne aka kankare.

Ga kuma abin da ya sa na Heyer ya fi na sauran ciwo. Matar nan ba ta bar mana kanta a ko'ina ba sai a littattafanta. An haife ta a Wimbledon a 1902. Labarin da ta ƙirƙira don ta ɗebe wa ƙaninta mara lafiya kewa shi ya zama littafinta na farko a 1921, tana 'yar shekara 19. Mahaifinta ya rasu a 1925, nauyin ƙannenta ya dawo kanta. A shekarar ta auri Ronald Rougier, injiniyan haƙar ma'adinai, daga baya ta bi shi har Tanganyika inda suka zauna a bukkar ciyawa. A 1926, shekarar yajin aikin gama-gari na Birtaniya, littafinta These Old Shades ya fito, babu talla babu sharhin jarida, ya kuma sayu kamar me. Daga nan ta yanke cewa ba ta bukatar 'yan jarida, ta kuma tsaya a kan haka har ta mutu a 1974, ba ta yarda an yi hira da ita ba. Da yawa daga masoyanta a sanarwar mutuwarta suka fara jin sunan aurenta. Macen da ta rufe ƙofa haka, littattafanta sama da 50 da wasiƙunta su ne kawai tagar da ake leƙa ta. In aka shafe tagar da fenti, me ya rage?

Kuma kada wani ya ce suɓutar alƙalami ce. Heyer ba ta san suɓutar alƙalami ba. Tana da littattafan bincike sama da dubu a gidanta. Tana da kundayen da take rubuta komai, daga sunayen huluna zuwa farashin kyandir a shekara kaza. Da za ta rubuta labarin yaƙin Waterloo a 1937, sai da ta bi maganganun Wellington, kwamandan sojojin Birtaniya a yaƙin, ɗaya bayan ɗaya don kada ta sa masa a baki abin da bai faɗa ko bai rubuta ba. Wadda take auna farashin kyandir ba za ta zana hancin mutum bisa kuskure ba. Bugu da ƙari, ta san yadda ake janye littafi. Akwai littattafai huɗu na rayuwar zamaninta da ta rubuta tsakanin 1923 da 1930, daga baya ta ji ba ta son su, ta hana a sake buga su. The Grand Sophy kuwa ta rayu da shi shekara 24, ana ta sake bugawa, ba ta janye shi ba, ba ta sauya Goldhanger ba. Wannan shirun nata ma bayani ne a kanta, kuma sabon bugun ya yi mata tuban da ba ta yi ba.

Sai a tambaya, wa ya amfana? Ba Yahudawan da aka ci wa mutunci ba, don ba a ba su haƙuri ba, an dai ɓoye wuƙar. Ba mai karatu ba, don za ta rufe littafin tana ganin marubuciyar tsarkakakkiya ce, ta je ta sayi na gaba. Nan ne maganar take. Littattafan Heyer dukiya ce tun tana raye. Ta sha fama da jami'an haraji shekara da shekaru, har ta riƙa ajiye babban aikin da take buri, tarihin gidan sarautar Lancaster, tana komawa ga labaran soyayya don su ne ke biyan bashi, kuma ba ta gama shi ba har ta rasu. A ƙarshen shekarun 1960 ta sayar da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin littattafanta 17 ga Booker-McConnell a kan kimanin fam 85,000. Booker ɗin nan, in an manta, da raken Gayana ya yi arziki, kuma shi ne ya sayi kaso a haƙƙin Fleming da na Christie. Ba na zargin kowa da makirci. Amma duk inda littafi ya zama kadara, mai kadara zai so a share mata ƙura kafin ranar kasuwa, ya kuma kira sharar da suna mai daɗi.

Akwai masu cewa a daina buga littafin gaba ɗaya. Wannan ita ce kankarar dai, an ƙara mata girma. Akwai kuma 'yan uwanmu da za su ce ai Bayahude aka zaga, ina ruwanmu, musamman da abin da ke faruwa a Gaza. Wannan gajeren tunani ne, kuma mu ne za mu fi kowa asara da shi. Al'ummar da ta yi wa Goldhanger dariya ita ce ta zana mu. Joyce Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Borgu, ya koma gida ya rubuta Mister Johnson a 1939, labarin wani akawu baƙar fata a Arewacin Najeriya da aka zana shi tamkar yaro mai washe baki. Chinua Achebe ya sha faɗin cewa takaicin wannan littafi na cikin abin da ya tura shi rubutu. A ce wani kamfani ya zauna yau ya gyara Cary, ya mayar da akawun mai hankali da kamala don kada ran ɗan Najeriya ya ɓaci. Jikokinmu za su karanta su ce, to mene ne abin fushi a nan, ashe Turawan nan mutanen kirki ne, kakanninmu ne masu ƙorafi. Wanda aka zalunta shi ya fi kowa bukatar a bar rubutun azzalumi yadda yake, da wasali da ɗigo. Yau an fara da hancin Goldhanger, kuma babu dalilin da zai sa a tsaya a kansa.

Wani abin haushin shi ne yadda ake wa marubutan soyayya mata hukunci iri biyu masu karo da juna. In an ga dama a ce aikinsu shirme ne, bai isa a nazarce shi ba. In an ga dama kuma a ce yana da haɗari har sai an tace shi. Mu nan mun san wannan waƙa, mun ga an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano a 2007. Wancan da ashana aka yi, wannan da jan biro, kuma na ashanar ya fi gaskiya, don kowa ya ga hayaƙi ya san an ƙona wani abu. Charles Dickens ba a yi masa haka ba. Fagin, ɓarawon Bayahude da ya zana, na nan a littafinsa Oliver Twist, malamai na koyar da shi, ana bayani, ana jayayya. Dickens ɗin ma shi da kansa ya rage ambaton Bayahude a wani bugu na baya, bayan wata mata Bayahudiya ta rubuta masa wasiƙar ƙorafi, kuma wannan gyara ya zama wani ɓangare na tarihinsa domin hannunsa ne ya yi shi. Heyer ba a ba ta wannan darajar ba, ta a ɗauke ta da muhimmancin da za a riƙe ta da laifinta.

Maganin bai da wuya. A buga littafin yadda ta bar shi, a sa gabatarwa ta shafi biyu ko uku da ke faɗin abin da ke ciki da shekarar da aka rubuta shi, mai so ya saya, mara so ya wuce. In kamfani ya nace sai ya yi gyara, to ya rubuta a bango da manyan baƙaƙe, ya kuma jera abin da ya cire a ƙarshe.

Ban ga alamar za a yi ba. A dokar Birtaniya haƙƙin mallaka na kai wa shekara 70 bayan mutuwar marubuci, wato na Heyer sai ƙarshen 2044. Kafin nan, abin da magada da kamfani suka amince shi ne zai riƙa fitowa da sunanta, kuma littafin da ke cikin waya ana iya sauya shi daga nesa mai shi na barci.