Rairayi ne ya talauta mu ko haraji?

Wani marubuci ya ce ƙasar jigawa mai rairayi da ƙarancin jama'a ne suka talauta gundumomin arewacin Ringim a zamanin Turawa, ni kam ban gamsu ba. Wace ƙidaya ya dogara da ita? Ta littafin haraji, kuma kowa ya san da an hango malamin haraji ake tura samari daji, Fulani su tsallaka da shanu saboda jangali. Kakana ya ce su bakwai ne a gandu, uku aka rubuta. Batun rairayi kuwa, gero da wake da gyaɗa a nan suka fi yi, in dai an samu taki da ruwan sama. Abin da aka tsallake shi ne, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka koma biyan haraji da tsaba, sai ga yunwar 1914 ta tarar da rumbuna wayam. Kai kuma mai cewa lalaci ne ya talauta mu, ka taɓa jan guga a rijiya gaba ashirin kafin ka tafi gona?