Lambar shasin da na nema ta zama laifi

A watan jiya na aika kuɗi gida domin a saya wa ƙanena Corolla ta hannu wadda zai riƙa neman abinci da ita, kuma abu ɗaya na roƙa kafin a biya, wato a turo mini lambar shasi, wadda ake buga wa jikin kowace mota tun daga kamfani. Lambar ba ta zo ba, sai kiran kawuna ya shigo. Ya ce: "Ɗana, dillalin nan shekara ashirin muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Zaman Turai ne ya koya maka zargin mutane?" Har yau maganar tana ci mini rai.

A nan Ingila, kusan duk motar da ta cika shekara 3 dole ne a kai ta gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma gareji ba shi da ikon karɓar fiye da fam 54.85. Tun daga 2005 ake adana sakamakon, ta yadda kowa zai iya rubuta lambar mota a shafin gwamnati kyauta, ya ga ranar kowane gwaji, da mil nawa mita ta nuna, da abin da ya kayar da motar a gwajin, har da gargaɗin cewa birki ko taya sun kusa ƙarewa. Ranar wata Asabar da ake yayyafi a garin Lesta na je ganin Honda Jazz a hannun wata dattijuwa. Kafin in buɗe baki ta miƙo mini jaka cike da rasiɗan gyara da takardar mallaka, ta ce in duba a tsanake. Na ga an yi gargaɗin tsatsa a ƙarƙashin motar shekara biyu a jere, abin da gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara yake jawowa. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na haska da fitilar waya, na nuna mata wurin, ta rage kuɗin ba tare da fuskarta ta canja ba, sannan ta kawo mini shayi.

Ban ce babu macuta a nan ba, domin akwai masu mayar da mita baya, kuma na yarda cewa kunnen gogaggen bakanike na gida yana jin ciwon inji wanda takarda ba ta faɗa. To amma kunne ba ya jin tarihi. Da yawa daga cikin tokumbon da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon motocin haɗari na Amurka aka kwaso su, wasu ma ambaliya ce ta shanye su, aka yi musu walda da fenti har suka riƙa ƙyalli. Lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, sau da yawa tana fito da hoton motar a ranar gwanjonta, gabanta a ragargaje. Aikin minti goma ne. Kunya ce take sa mu zuba miliyoyi ido rufe, don kada a ce mun ƙaryata babba, alhali shi kansa dillalin mai yiwuwa bai san abin da aka sayar masa ba.

An sayi motar ba tare da an turo lambar ba, kuma ina roƙon Allah ya sa alheri a cikinta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda tambaya ɗaya ta mayar da ni baƙo a gidan da aka yanke mini cibiya. Shekara goma sha ɗaya ina aikin dare ina aikawa, ban taɓa neman lissafi ba, amma yanzu idan na kira, sai in ji yara suna cewa Bature ne a waya, kawu kuma ya amsa gaisuwa a gajarce ya miƙa wa wani.