Na shiga tsere uku ba tirenin na gama, amma kada wanda ya kwaikwaye ni a ruwa

Tun shekaranjiya da na ɗora hoton nan da lambar yabo a wuya jama'a ke ta biyo ni ta bayan fage, wai da gaske ne ban yi wani tirenin na a zo a gani ba na shiga tseren tirayatalon? Wani ƙanina ma cewa ya yi shi ma rajista zai yi, tunda dai Yaya da wannan tumbin ya gama to waye ba zai gama ba. To bari in warware muku, wannan hoton na karo na biyu ne, na farkon bara aka yi kuma ban ɗora ba saboda idanuna sun yi jawur kamar wanda aka tsamo daga rijiya, kusan ma hakan ne.

Ga wanda bai san abin ba, tirayatalon tsere uku ne a jere ba hutu, ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka sa gudu, agogo kuma yana lissafi har lokacin da kake fama da igiyar takalmi. Wanda na shiga shi ne gajeren, iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Na Olamfik ninkinsa ne, shi kuwa Ironman da kuke gani a bidiyo iyo kilomita 3.8 ne da keke 180 da gudu 42, wannan sai masu shi.

A Leeds ta Ingila nake zaune, garin su Alistair Brownlee da ƙaninsa Jonny, shi Alistair ɗin ya ci zinaren tirayatalon na Olamfik a Landan a 2012 ya sake ci a Rio a 2016, don haka a nan abin ya zama kamar ƙwallo a unguwa, a ofis ɗinmu kaɗai mutum uku ke yi. Ɗaya daga cikinsu ne ya zuga ni, wai gajeren ai ba komai ba ne, ni kuma da jin kai na biya kuɗi saura mako shida. Shirin da na yi ke nan: na je kwamin ninkaya sau uku, ina hawa keke zuwa aiki dama, sai gudun kilomita 5 na parkrun da ake yi kyauta ranar Asabar a Woodhouse Moor, shi ma sau biyu na leƙa. Iyon da na iya kuma na kududdufi ne, wanda muke satar jiki mu je da damina a dawo a zane mu, kai a sama ana ta ɗaɓal-ɗaɓal. A raina wai ai na iya ruwa.

Ranar tsere tun a wajen sa kaya aka fara, rigar robar iyo da na yi haya na juya ta, zif ɗin a gaba, sai da wata dattijuwa ta taɓa ni ta nuna min a baya yake zama. Muka shiga tafkin, sanyi ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Aka busa usur. Wallahi ban yi mita 100 ba numfashina ya ƙwace. A kwami ruwa garai-garai ne, ga layi a ƙasa kana bi, ga bango duk mita 25 ka dafa ka huta, a nan kuwa ka tsoma fuska ba ka ganin ko tafin hannunka, wannan ya haure ka a haƙarƙari wancan ya bi ta kan ƙafarka, rigar ta matse ƙirji kamar an ɗaure ka da kirtani, ina buɗe baki in ja iska sai ruwa. Duk addu'ar da na sani sai da ta zo bakina. Na juya rigingine na ɗaga hannu, wata mai tsaro a ƙaramin kwale-kwale ta matso na riƙe hancin jirgin, doka ta yarda ka riƙe ka huta matuƙar ba a ja ka gaba ba. Ta tambaye ni ko in fitar da kai? Kunya ce kawai ta hana ni cewa e. Na gama iyon a minti 31, ina tafiya a karkace don ban san ana ɗaga ido a duba balan-balan ɗin alama ba, ina jin mita 750 ɗin nan na mayar da ita dubu.

Amfanin fitowa a ƙarshe guda ɗaya ne, ba ka wahalar neman kekenka, wajen ya zama fayau. Jiri na ɗiba ta na tuɓe rigar a zaune, na sa hular kwano na ɗaure don idan ka taɓa keke ba ka ɗaure ta ba laifi ne. Ina hawa keken nan sai na dawo mutum. Keken zuwa aikina ne mai nauyin tsiya, amma wanda ya tashi ana aikensa kai niƙa a kan keken Baba wanda ƙafarsa ba ta kai feda, kilomita 20 ba za ta ba shi tsoro ba, har mutum shida na wuce. Gudun ne ya rama musu, ina sauka ƙafafuna suka zama kamar taɓare, na yi gudu na yi tafiya na sake gudu, na shiga a awa biyu da minti biyar. Gwanayen duniya ba sa cika awa ɗaya.

To ga ra'ayina, kuma a nan nake saɓa wa masu cewa kawai ka shiga jiki zai saba. A keke da gudu gaskiyarsu ne, idan ka gaji ka sa ƙafa a ƙasa, ka taka a hankali, mafi muni a wuce ka yara su tafa maka don tausayi. A tsakiyar tafki ina za ka sa ƙafar? Akwai binciken da aka yi a Amurka kan gasannin 1985 zuwa 2016, an ƙirga mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, 90 daga ciki a wajen iyo ne, kuma yawancinsu maza ne da suka fara manyanta, wato irinmu masu cewa ai da ƙarfina. Sanyi da firgici da bugun zuciya su haɗu lokaci guda, idan da wata cuta a ɓoye nan take fitowa. Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, in ka cire mutanen bakin kogi irin su Argungu da Yawuri, mu nawa ne aka koya wa iyo na ƙa'ida? Abokin aikin nan nawa da ya ce ba komai ba ne tun yana firamare ake kai su kwami, shi a wajensa gaskiya ya faɗa, ni ne ban tambayi kaina ba.

Masu tsoratarwa da kaya kuma su ma ban yarda da su ba, wai sai keken fam dubu uku da agogo mai auna bugun zuciya. Tseren farko irin na zamani da aka yi a Mission Bay ta San Diego a 1974 mutum 46 ne suka taru suka yi abinsu, ba a jira kantin kayan wasa ba. Keke mai birki da hular kwano da takalmin da bai matse ka ba sun isa.

Bana da zan sake shiga ban ƙara komai a keke ba, gudu ma kaɗan, sau biyu dai na gwada sauka daga keke in yi gudun minti goma don ƙafa ta san abin da ke jiranta. Duk ƙarfina a ruwa na zuba. Na shiga ajin koyon iyo na manya mako takwas, ni da tsofaffi muna riƙe da soso muna harba ƙafa, girman kai ya tafi hutu. Abin da ya canza komai ƙarami ne, ashe a cikin ruwa ake fitar da iska a hankali, in ka juyo da kai shaƙa kawai za ka yi, ni da riƙe numfashi nake yi sai in taso in nemi fitarwa da shaƙa a lokaci ɗaya, dole in shaƙe. Na kuma je tafki sau biyu da rigar kafin ranar. Da aka busa usur na bari 'yan gaggawa suka wuce, na bi ta gefe, na fito a minti 19 ban nemi jirgin kowa ba. Gudun dai har yanzu sai a hankali, jijiyar sharaɓata ta ɗaure a kilomita ta uku, na ƙarasa ina ɗingishi a awa ɗaya da minti 48.

Ƙanina, kai da ka ce za ka yi rajista, na amince, amma ka fara da irin wanda ake yi a kwami, galibi mita 400 ne kuma ga bango. Na tafki kuwa sai ranar da na tsaya a kanka ka yi 750 ba ka dafa komai ba, ka kuma je a auna maka jini tukunna tunda ka san gidanmu da hawan jini.

Jiya Hajiyarmu ta kira bayan an nuna mata hoton, ta yi ta sa albarka, can sai ta ce to nawa suka ba ka? Na ce Hajiya ai ni na biya su. Shiru ta yi har na zaci layin ne ya yanke, sai na ji tana ce wa ƙanwata zo ki ji abin da yayanku yake yi da kuɗi a Ingila.