Wahalar da marubuci ya sha ba ita ce hujjar littafinsa ba

Duk sanda aka zaunar da marubucin littafin da ba ƙagagge ba a rediyo ko YouTube, tambayar farko kusan ɗaya ce, wai me ya ja hankalinka ka rubuta wannan littafi. Shi kuma sai ya gyara zama ya shiga labarin rasuwar mahaifiyarsa ko zaman kurkuku ko jinyar da ya yi, mai tambaya na ta gyaɗa kai yana Allah sarki, kafin ka ankara lokaci ya ƙare ba a taɓa ko abu ɗaya daga cikin abin da littafin ke iƙirari ba.

Ba raina labarin nake ba fa. Wole Soyinka ya yi wata 22 a tsare lokacin yaƙin basasar Najeriya, galibi shi kaɗai a ɗaki, yana rubutu a takardar banɗaki da tsakanin layukan littattafai. Wanda ya san haka in ya ɗauki littafinsa The Man Died na 1972 zai gane daga ina zafin rubutun ya fito. To amma sanin dalilin zafin mutum daban, yarda da duk abin da ya faɗa daban.

Ku tuna James Frey ɗan Amurka, wanda ya fitar da labarin shaye-shayensa a 2003. Oprah Winfrey, shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, ta tallata shi a 2005, aka yi ta rububin saye, sai a Janairun 2006 shafin The Smoking Gun ya bi takardun 'yan sanda ya gano cewa kurkukun kusan wata uku da ya ce ya yi, ashe 'yan awoyi ne kawai aka riƙe shi. A yawancin hirarrakin da aka yi da shi kafin nan tausayi ya hana a matsa masa, don wa zai titsiye mutumin da ke cewa da kyar ya sha?

Ko inda babu ƙarya ma akwai abin lura, kuma nan ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutane da yawa sun ɗauka a sansanin Nazi Viktor Frankl ya gano cewa neman ma'anar rayuwa ke riƙe ɗan Adam, alhali likitan ƙwaƙwalwa ne a Vienna da ya riga ya gina wannan ra'ayin tun kafin a kama shi, har rubutunsa a kai aka ƙwace lokacin da aka kai shi sansanin Auschwitz na 'yan Nazi. Ya shiga da tunaninsa ne, ya kalli abin da ya same shi da wannan idon, sannan ya rubuta littafinsa na 1946 a kan zaman sansanin. Wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan, sai dai ra'ayin na buƙatar tasa hujjar, azabar sansani ba za ta tsaya masa shaida ba.

Shi ya sa nake ganin masu hira su riƙa ƙara tambayoyin da ba su da daɗin ji: ta yaya ka sani, wa ya duba maka, maganar da ka sa a bakin mutum bayan shekara 30 rubuta ta ka yi a lokacin ko tunawa kake yi? Sannan wa ma ya riƙe alƙalamin, tunda littafin Yarima Harry na 2023 J.R. Moehringer ne ya rubuta masa, na Malala kuma da Christina Lamb aka yi shi.