Baba, Nawa Za a Saka?

Aikin kashiya a banki ba ya shiri da surutu. Bandir ɗaya takarda 100 ne: ka sa a na'ura, ka sake bi da hannu, ka duba sa hannu, ka shigar a kwamfuta. In aka tashi aiki lissafi bai daidaita ba, kana nan sai an gano inda kuɗin ya maƙale. Tun a wajen horo ake ja mana kunne cewa 'yan damfara ma da hira suke ɗauke hankalin mutum. Waɗanda suka ja kunnen kuma su ne suka ce kada a katse kwastoma, kada a ɗaure masa fuska, ga kyamara bisa kanka.

Akwai wani dattijo da in ya shigo, kowa a kanta sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ni yake zaɓa, wai na fi sakin fuska.

"Baba, nawa za a saka?"

"Za mu zo nan, ɗana. Ai kuɗin nan da tarihi."

Tarihin ya faro daga bashin da surukinsa ya ci ya ƙi biya, ya ratsa ta ciwon gwiwa, ya sauka kan yaran zamani. Ina ƙirgawa a zuci, na kai 67, sai ya ce, "Shekarata 72 fa." Shi ke nan, na koma ɗaya.

Dama mun ƙulla da abokiyar aikina cewa in na cire tabarau ta bugo wayar teburina. Na cire, ta bugo. Na ɗauka na ce, "Na'am, ranka ya daɗe, yanzun nan?" Na dubi Baba na marairaice.

"Manaja ke nemana, Baba. Ko a ƙarasa maka a kanta ta gaba?"

"Je ka abinka, ɗana. Ni ba inda za ni."

Na shige ciki, na laɓe bayan ƙofa ina kallon agogo. Ko da na fito, Baba ya juya wa kanta baya, layi ya rabu gida biyu: masu cewa a yafe wa suruki da masu cewa a kai shi kotu. Wata baiwar Allah da ɗazu take ta tsaki ita ce yanzu ke tambaya, "To, ita 'yar taka me ta ce?"

"Yauwa, ka dawo," in ji Baba. "Ka rasa wurin da ya fi daɗi. Bari in faro maka daga farko."

Da kyar da jiɓin goshi kuɗi ya shiga asusu. Na buga hatimi, na miƙa masa rasit, har na fara hamdala. Ya ninke shi a hankali, ya cusa a aljihu, ya yi taku biyu, sai ya juyo.

"Af, na manta. Ciro mini rabi. Surukin nan ne yake neman rance."

Layi gaba ɗaya ya ɗauka: "Baba, kada ka ba shi!"

Baba ya jingina sandarsa, ya ɗora gwiwar hannu a kan kanta, ya ce su tsaya ya yi musu bayani.